Ƙasar da Ba a Cewa Kaka

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, kafin ta gama cire takalmi ta jefo tambaya: yaya Faransa? Hajiya Mariya maƙwabciyata ta tambaye ni sau huɗu, kamar tsakanin Asabar da Talata ƙasar za ta sake kama. To ga shi na zauna na rubuta da 'yar Hausar da na koya a ajin yaƙi da jahilci. Wadda ta sake tambayata, takarda zan miƙa mata in ci gaba da daka yajina.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, idona a buɗe yake. 'Yata Zeinabu ce take zaune a Lyon shekara goma sha ɗaya, mijinta Malam Laminu yana aiki a wata masana'anta a Saint-Fons. Suna da 'ya ɗaya, takwarata, muna ce mata Ummi, shekararta bakwai. Ban taɓa riƙe ta ba. A waya kawai nake ganin ta, ta ɗaga mini hannu ta gudu. Jikokina goma sha huɗu na nan Damagaram sun kira ni Kaka har kunnena ya gaji, amma wannan ɗaya da aka sa wa sunana ba ta taɓa faɗa ba. Abin yana ci mini rai, ba na ɓoyewa. Kwana ashirin aka ba ni, na ce ko a kwana na ashirin ne sai na ji ta faɗa.

Ni mai sayar da kayan yaji da dakuwa ce, saboda haka kun san abin da na cika akwati da shi: soyayyiyar aya, dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, da ƙulle-ƙullen citta, kanumfari, masoro da kirfa. Zannuwana sai a jakar hannu suka samu wuri. A motar Yamai Allah ya haɗa ni da wani bawansa wanda ya san Faransa ciki da bai, duk da ko Dosso ranar ya fara gani. Tun daga Maraɗi yake koya mini yadda ake zama da Turawa. Da muka isa na yi masa godiya, na ce in na dawo zan ba shi labari ko ƙasar ta yi daidai da yadda ya tsara ta.

Jirgin sama ba ni da abin faɗa a kansa, sai dai abincin da suka kawo a 'yan kwanoni kamar na wasan 'yar tsana. Mun sauka wata ƙasa mun canza jirgi, sannan Paris. A bakin fita wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya tare ni, shi da karensa. Karen ya fi shi fara'a. Aka buɗe akwati, ƙamshin yaji ya tashi, mutumin ya yi atishawa uku a jere, ban ji ya ce alhamdulillahi ba balle in amsa masa. Wani Alhaji Bakari, ɗan kasuwa daga Garwa da muka zo jirgi ɗaya, shi ya tsaya ya yi mini tafinta.

"Hajiya, ya ce nama ba ya shiga. Kilishin nan sai dai ki yi haƙuri."

"Ka ce mishi wannan ya bar zama nama tun bara."

Bai faɗa masa ba. Kilishi ya tafi. Sai ma'aikacin ya ɗauki ƙuli-ƙuli guda, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa a tebur, ya tambaya ko kayan gini ne. Na karɓa na gatsa a gabansa da haƙorana na shekara sittin da uku. Ya dube ni da girmamawa ya rufe akwatin.

A Paris na kwana biyu gidan Hajiya Falmata, 'yar Chadi, aminiyar dangin Malam Laminu, a wata unguwa da ake kira Clichy-sous-Bois. Gidan bene ne, tana hawa na takwas, kuma akwatin da ke ɗaga mutane sama ya lalace tun kafin Babbar Sallah. Haka na hau Turai da ƙafa, ina hutawa a kowane hawa. Masu tambayata ko na ga dogon ƙarfen nan na Paris, na gan shi. Yana jikin kalandar Hajiya Falmata, kusa da firji. Ita ma shekararta ashirin a garin, can take ganin sa.

Mutanen kuwa ba su da laifi, gaisuwa ce dai ba a koya musu ba. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na yi sallama, mutum ya fi hamsin, ko tari ba wanda ya yi. Wata ta ɗauki karenta ta ɗora a cinya tana yi masa hira, ni da na ce mata ina kwana ta matsa gefe.

Ranar tafiya Lyon, Hajiya Falmata ta raka ni. Mun yi kamar awa ɗaya muna fita wannan rami muna shiga wancan, sai ta ce, "To Hajiya, ga gar ta Lyon, mun iso." Na gyara mayafi, na goge fuska, na fara leƙa mutane ina neman Zeinabu, har da ƙwalla. Na ce ashe kusa ne, shi ne yarinyar nan ta kasa zuwa tarbata. Hajiya Falmata ta yi dariya har ta dafa bango.

"Hajiya, har yanzu Paris muke. Sunan tashar ke nan. Lyon sai kin yi awa biyu cikin jirgi."

Ku ji fa. Mutanen da aka ce sun fi kowa ilimi sun rasa sunan da za su sa wa tashar garinsu sai na wani gari. Na mayar da ƙwallata na ajiye ta sai an jima.

A Lyon ta gaskiya Zeinabu na tsaye, ga Ummi a gefenta cikin wata rigar sanyi da ta mayar da ita kamar buhun auduga. Goshina ne a fuskarta, da hancin marigayi kakanta. Na saki akwati, na buɗe hannu, na ɗaga murya yadda ake yi a tashar Damagaram:

"Takwara! Zo wurin Kaka! Ga Kaka ta zo!"

Wasu samari biyu suka waiwayo suka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta dube ni ta dubi ƙasa kusa da ƙafafuna, kamar tana neman wani abu. Ummi kuwa ta shige bayan uwarta. Da ƙyar aka jawo ta, ta miƙo mini kumatu, ta ce a hankali, "Bonjur, Mami."

Sai da muka isa gidansu a Rillieux Zeinabu ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Inna, don Allah kar ki ji haushi. Kalmar nan, kar ki riƙa hwaɗin ta a waje."

"Wace kalma?"

"Kaka. A Faransanci, kashi ke nan. Kashin yara."

Na zauna a bakin gado. Shekara ashirin da biyu ina ɗauke da sunan nan da alfahari, ashe a wata ƙasa abin da ake wankewa ne. Zeinabu ta ce tun Ummi na ƙaramin aji ta taɓa gaya wa 'yan ajinsu cewa Kakarta za ta aiko mata da dabino, suka yi wata guda suna toshe hanci in ta wuce. Tun ranar ta daina faɗa, ko a gida. Su a can Mami suke cewa. Na ce to, Mami. Na yi jirgi biyu da mota ɗaya da bene takwas don a kira ni da sunan da muke sa wa 'yan tsana. Na yi wa Zeinabu alkawari ba zan ƙara faɗa a waje ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Malam Laminu yana fita aiki da wata riga mai walƙiya, Zeinabu tana fita nata, ni ina gadin taga. Suka ba ni wani cuku mai tsanwa a jiki, wai da gangan aka bar shi ya ruɓe, kuma wai ya fi tsada. Suka ba ni burodi dogo wanda in ya kwana ana iya korar akuya da shi. Ummi tana da ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Tana kawo mini ruwa, tana jin Hausa sarai, tana mayarwa rabi da rabi. Mami kaza, Mami kaza. Ladabin da ake yi wa baƙuwa.

Lokacin kuma kakarsu ce, wato kakar shekara. A wurinmu kaka sabon gero ne, da wake, da gyaɗa, da rumbu cike. Su tasu kakar ganye ne ke mutuwa ya zubo, su fito da waya suna ɗaukar hotonsa. Kabewa kuwa sai su fafe ta, su yanka mata ido da baki, su ajiye a taga tana yi wa mutane dariya. Miyar taushe guda nawa na gani tana ruɓewa a tagogi, Allah kaɗai ya sani.

Saura kwana uku in taso, Ummi ta dawo daga lakwal, wato makaranta, da takarda. Za a yi 'yar walimar kaka a ajinsu washegari da la'asar, kowane yaro ya kawo abin taɓawa, a rubuta abin da ke ciki, kuma ban da gyaɗa. Na ce me gyaɗa ta yi musu? Zeinabu ta ce akwai yaran da in sun ci sai asibiti. Wannan ba abin wasa ba ne, amma na tausaya wa ƙasar da ƙuli-ƙuli ya zama makami a cikinta. Zeinabu tana da aiki har yamma, murhunta na gasa abinci kuma ya mutu. Ta nuno mini wani girki a waya: a zuba wannan, a zuba wancan, a barbaɗa kirfa, a girgiza. Ba wuta, ba tukunya, minti goma.

"Wannan shi ne girkin?"

"Shi ke nan, Inna."

"Har wani ya zamna ya rubuta shi?"

Na ce ta tafi aikinta. Abin da ba a ɗora wa tukunya ba zai gagare ni ba.

Laraba ce, ba lakwal da rana, daga ni sai Ummi a gida. Na ɗauko babbar roba mai murfi. Muka zuba gugguru da Zeinabu ta sayo a leda, muka zuba 'ya'yan kabewa ɓararru, na ce ko ba komai an ceci wani abu daga jikin baiwar Allah. Na ba Ummi almakashi tana yanka dabino ƙanana, da busasshen tuffa. Ayar da na zo da ita ta yi wa haƙoran 'ya'yan Turawa tauri, sai na sa ta a ɗan turmin Zeinabu in ɗan farfasa. Ban yi bugu ashirin ba aka buga ƙofa. Tsohuwar da ke ƙasanmu ce, Madam Odil, da sandarta, tana faɗa kamar an rushe mata gida. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma faɗan tsohuwa duk duniya iri ɗaya ne. Na ɗebi aya na zuba mata a hannu. Ta tauna, ta sake miƙo hannu. Ta tafi da cikin kofi, ta ce wa Ummi in yi dakan a kan tawul.

Sannan na kwance ƙulle-ƙullena. Kirfa cokali ɗaya, citta rabin cokali, kanumfari kaɗan don shi ba ya son raini, masoro ɗan tsunkule, gishiri ɗan tsunkule. Na tsoma kwalbar zuma a ruwan zafi ta saki, na zuba cokali biyu, don yajin ya samu abin kamawa. Ummi tana shinshina kowane ƙulli tana tambayar sunansa. Ta ce "kanumfari" sau biyar, sunan ya yi mata daɗi a baki. Na rufe robar na miƙa mata.

"Girgiza, takwara. Da ƙarhi."

Ta rungume robar tana tsalle da ita a tsakar ɗaki, ni ina tafa mata, mun manta da Madam Odil. Ranar na fara jin dariyarta ta gaskiya. Da ta gaji ta zauna a jikina, ta tambaye ni ko mu ma muna da wannan lokaci na shekara. Na lissafa mata: rani, bazara, damina, da kuma na huɗun, lokacin da ake girbi. Na ce a cikin gida muke, ba wanda zai ji.

"Sunanshi kaka."

Ta zaro ido. "Kamar ke?"

"Kamar ni. Duka biyu in sun zo, da abinci suke zuwa."

Ta yi ɗan murmushi, na ce yau za ta faɗa. Sai ta ɗauki alƙalami ta rubuta sunan abin da Faransanci a jikin takarda, ta manna a murfi, ta ce, "Mersi, Mami."

Washegari ni na raka ta walimar, don uwarta ba ta samu fita ba. Ajin cike da yara da iyaye, an jera kek iri-iri a tebur, yawanci da ledar kanti a jikinsu. Aka buɗe robarmu, ƙamshi ya cika ajin. Wani uba ya ɗebi kaɗan don kunya, ya dawo da kofi. Malamar, wata doguwa mai kirki, ta ci ta ce "se bon" har sau uku, wato ya yi daɗi. Sai kirkin nata ya yi yawa. Ta tafa hannu aka yi shiru, ta ce wa Ummi ta tambayi Maminta yadda ake kiran wannan lokaci na shekara da harshenmu, don yara su koya.

Ummi ta fassara mini da wata murya da ƙyar na ji ta. Hannunta na riƙe da zanena. Yara ashirin da wani abu sun zuba mini ido, su ne masu toshe hancin nan. Ni jibi zan tafi, ita za ta zauna da su shekara da shekaru. Na dubi malamar na yi ƙaryar da ban taɓa yi a kan abinci ba.

"Damina," na ce.

Malamar ta maimaita, "Da-mi-na," yara suka maimaita. Ta juya za ta rubuta a allo. Sai na ji an saki zanena.

"A'a," in ji Ummi da Hausa. "Damina ruwa ne." Ta juya ga malamar ta ce da ƙarfi da Faransanci, "Se kaka," wato kaka ce.

Ajin ya kaure da dariya. Wani ɗan jan gashi har ya faɗo daga kujera. Iyayen suna ƙoƙarin haɗiye tasu dariyar, wani ya shaƙe da gugguru, alhaki. Ummi ba ta yi kuka ba. Ta taka zuwa tebur, ta ɗauki murfi ta rufe robar, ta ɗora hannu biyu a kai, ta yi musu wata magana gajera. Daga baya Zeinabu ta fassara mini: wanda duk yake son ƙari sai ya faɗi sunan, kuma ba dariya. Wannan jinin kasuwa ne, ba a lakwal aka koya mata ba.

Ɗan jan gashin ne ya fara zuwa da kofinsa, fuska a ɗaure kamar mai karɓar allura, ya ce, "Kaka." Aka zuba masa. Suka yi layi. Na zauna a 'yar kujerar yara, gwiwoyina a haɓa, ina kallon 'ya'yan Faransa suna faɗin sunana ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi don a ba su aya. Har uban nan mai kofi sai da ya faɗa.

A hanyar gida ina jira. Ta riƙe hannuna, tana ta ba ni labarin wanda ya ci kofi uku. A bakin ƙofa ta ce, "Mami, kin gaji?" Na ce ban gaji ba. Lokacin shekara ya samu sunansa, ni ban samu nawa ba. Yaran Turawa ashirin sun faɗa, wadda na zo dominta ba ta faɗa mini ba. Na shiga ɗaki na ninke zannuwana, na ce wa kaina tsohuwa, ki yi haƙuri, yarinya ta yi abin da ya fi ƙarfin shekarunta.

Ranar komawa suka raka ni tasha su uku, da hantsi, wuri cike maƙil. Na bar wa Ummi sauran ƙulle-ƙullen yajin, na gaya mata ma'auni. Ta miƙo kumatu, ta ce sai wata rana, ba ta haɗa da kowane suna ba. Malam Laminu ya shigar mini da akwati, na tsaya a ƙofar jirgi ina ɗaga musu hannu. Aka busa usur.

Sai ta fizge hannunta daga na uwarta ta biyo gefen jirgin da gudu, rigar sanyin nan tana rinjayar ta, ta buɗe murya irin ta tashar Damagaram:

"Kaka! Kaka! Ki dawo da aya!"

Tashar nan kaf ta waiwayo. Wani mai kwat ya ɗaga ƙafa ya duba ƙasan takalminsa. Wata mata ta ja ɗanta gefe. Ni kuwa na leƙo kai ta ƙofar da ke shirin rufewa, a gaban Turawa ɗari, na amsa da iyakar ƙarfina:

"Na'am!"

Ƙwallar da na ajiye tun Paris, a nan na kashe ta duka, har wata baturiya da ke kusa da ni ta miƙo mini hankici.

To Hajiya Mariya, kin ji yadda Faransa take. Akwai sanyi, ba gaisuwa, sun ci mini kilishi, kuma suna wulaƙanta kabewa. Amma akwai yarinya ɗaya a can da ta san sunana, kuma na riga na fara soya mata aya.